Faratan Tela Ƙarami

Kekunan ɗinki sun yi layi a shagon Anti, amma teburin yanka ɗaya ne tak, kuma mace ɗaya ce ke tsayawa a bakinsa. Mai Yanka ake ce mata, har waɗanda suka san sunanta na gaskiya sun daina wahalar da bakinsu. Gajera ce, ba ta da yawan magana, kuma bahaguwa ce. Doka ɗaya gare ta a shagon, kowa ya san ta: in almakashinta yana buɗe, ba a yi mata magana. Anti da kanta, mai shagon, takan haɗiye zancenta ta jira.

Ubanta tela ne a wani lungu, shi ya koya mata. Tana yarinya ya gaji da ganin almakashin hannun dama yana tauna yadi a hannunta kamar akuya, ya yi ta cigiya har ya samo mata na masu hannun hagu guda biyu, babba na yanka da ƙarami na tsinke zare. Ranar da ya miƙa mata su ya ce, "Kada ki buɗe shi sai kin ga layin a zuciyarki. In kin gan shi sosai, hannu zai bi." Ta riƙe maganar nan fiye da yadda shi ma ya yi zato. Kafin ya rasu ta daina amfani da alli gaba ɗaya. Takan shimfiɗa yadi, ta dubi mai kayan sama da ƙasa, sai kawai ka ji ƙarar almakashi yana tafiya. Masu kawo leshi mai tsada sukan dafe ƙirji, ita kuwa ko a jikinta. Abin da ta gani a zuci, shi hannunta yake yi, bai taɓa saɓawa ba.

Ta auri wani direban motar raba burodi, mutum mai fara'a wanda bakinsa ba ya hutawa. Auren ya yi daidai, don shi yana surutun mutum biyu, ita tana sauraren mutum biyu. Suna zaune a ɗaki da falo a saman wani bene na haya. Da ta samu ciki ba ta bar aiki ba sai da cikin ya hana ta matsowa kusa da tebur. Matan shago suka ce yaron nan da tef ɗin awo a wuya zai fito, suka laƙaba masa Tela Ƙarami tun bai zo duniya ba. Ya zo lafiya, da gashi cike da kai da murya irin ta ubansa. Uwarta ta daɗe da rasuwa, saboda haka yayar mijinta, wadda duk dangi ke kira Yaya, ita ta tsaya mata. Yaya mace ce mai kirki, amma kirkinta da ƙarfi yake zuwa, ba ya sallama.

Abin ya fara ne da wani ɗan zare. Wata safiya, yaron bai cika wata ba, mijinta ya fita aiki, ta gama yi masa wanka ta sa masa riga, sai ta ga zare ya fito a wuyan rigar yana taɓa masa haɓa. Mai yanka ba ta iya ganin zare a waje ta ƙyale. Ta miƙa hannu ta ɗauko ƙaramin almakashi, ta sunkuya, ta buɗe shi. Nan take ta ga almakashin ya wuce zaren, ya ci gaba zuwa inda bai kamata ba. Ba da ido ta gani ba. A wurin nan ta gani, inda take ganin layin yadi, kuma fes ya fito, babu dishi-dishi.

Ba ta san lokacin da ta kai bango ba. Almakashin yana ƙasa, bayanta manne da siminti. Yaron kuwa ya yi miƙa, ya yi hamma, ya koma barcinsa, zaren na nan a wuyansa.

Da wata matar ce, da ta tofar da yawu ta ce wannan wane irin mugun tunani ne, ta ci gaba da shanya. Mai Yanka ba ta da wannan gatan. Tun tana yarinya duk abin da ya fito mata a wurin nan, hannunta na hagu ya aikata shi, kuma an yaba mata. Da wannan take cin abinci. To yau ga abin da ya fito. Ta dubi hannun nata a kan cinyarta, ta ji tsoronsa kamar ba nata ba.

Kafin mijinta ya dawo ta tattara komai. Almakasanta biyu, wuƙaƙen kicin, rezar askinsa, allurai, har da abin buɗe gwangwani, duk ta zuba a wani tsohon bokitin fenti, ta danne murfi, ta hau can saman bene ta tura shi bayan tankin ruwa. Washegari mijin ya yi ta neman reza yana ɗaga filo.

"Ɓarawon gidan nan da ban mamaki yake," in ji shi. "Ya bar talabijin ya ɗauki wuƙar albasa."

Ta ce maƙwabciya ta ara. Ya sayo sabuwa, ita ma ta bi sahun 'yan'uwanta. Albasa da tumatir suka koma shan daka a turmi, ya ce girkin nata ya canja salo, ya ci yana santi. Bai taɓa kawo komai a ransa ba, don mutum ne da in ya ga matarsa ta yi shiru, sai ya ɗauka halinta ne na kullum.

Ta yi zaton in babu almakashi a ɗakin hoton zai tafi. Bai tafi ba. Yakan zo tana shayar da yaron, yakan zo tana canja masa riga, ya fi zuwa ma in ta ce yau ba zai zo ba. Sai ta fito da dabaru. In za ta ba shi nono, ta riƙe shi da dama, ta zauna a kan hannun hagu har ya mutu. Wanka ta roƙi maƙwabciya ta riƙa yi masa, ta ce bayanta ke ciwo. Ƙofar falo kullum a buɗe, don a samu mai wucewa. Da ya ƙoshi sai ta kwantar da shi ta koma can ƙarshen ɗaki ta zuba masa ido. Tana son yaron nan, so irin wanda ke sa ƙirji ciwo. Tana son ta sa hancinta a wuyansa ta shaƙi ƙanshinsa, amma wuyan nan shi ne wurin da ba ta yarda ta kusanta ba.

Ta so ta faɗa, ba sau ɗaya ba. Sai ta tuna wata mata a layinsu na yarinta, wadda bayan ta haihu aka ce kanta ya taɓu. Mota ta zo ta tafi da ita, dangin miji suka raini yaron, kuma ko da ta dawo da hankalinta garau, yara ba su daina nuna ta da yatsa ba. Waccan ma ba a ce ta ga abin da Mai Yanka ke gani ba. Wace uwa ce za ta buɗe baki ta faɗi wannan, a bar mata ɗa a hannu?

Ana cikin haka faratan yaron suka yi tsawo. Farcen jariri siriri ne amma kaifi gare shi, kuma jariri bai san fuskarsa tasa ba ce. Tela Ƙarami ya yakushe kumatunsa, ya karce gefen hancinsa, wata rana har kusa da ido. Uwarsa ta ɗauko safar ƙafarsa ta zura masa a hannuwa. Haka ya koma rayuwa, hannu biyu cikin safa, yana naushin iska.

Ranar da Anti da matan shago suka zo duba ta, ɗaya daga cikinsu ta zare safar don ta ga yatsunsa, sai dariya ta ɓarke.

"Oh ni. Ɗan Mai Yanka guda, da faratan mage," in ji Anti. "Ke da kike yanka leshi ba alli, farce ne ya gagare ki? Ki dai yi ki dawo. Wadda na sa a teburinki ta cinye mini alli kamar tana dafa shi."

Anti ta buɗe jakarta ta fito da abin yanke farce, ta miƙa mata. Mai Yanka ta dubi ɗan ƙarfen nan yana ƙyalli a tafin hannun Anti. Ta ce ta bar ruwa a wuta, ta shige kicin. Babu komai a wutar. Ta tsaya riƙe da bakin tebur har ta ji suna sallama. Sun tafi da surutu, ba wadda ta tuna da faratan, sai ta mayar masa da safarsa.

Yaya ce ta lura, don idonta ba ya barin komai ya wuce.

"Ke, yaron nan wuta ce a jikinsa? Da kin ɗauke shi sai ki dire. Ni na haifi nawa, na raini na wasu, ban taɓa ganin uwar da ke kallon ɗanta daga nesa ba."

"Gajiya ce, Yaya."

"Gajiya." Yaya ta taɓe baki. Da ƙanenta ya dawo ta zaunar da shi a gaban matarsa, don ita ba ta iya gulma ba. "Yarinyar nan ta rame, ba ta ci, ba ta barci, kuma yaron bai shiga ranta ba. Yana faruwa. In an yi masa rigakafin da ke tafe, zan wuce da shi gidana, madara ta riƙe shi. Ta huta, in ta dawo daidai a kawo mata abinta."

Mijin ya dubi matarsa, yana jiran ta yi tsalle ta ce ba ta yarda ba. Mai Yanka ta sunkuyar da kai ta ce, "To." Wani sanyi ya ratsa ta, don a gidan Yaya hannunta ba zai kai gare shi ba. Bayan sanyin kuma sai baƙin ciki ya biyo, don ta san in ya tafi ba za ta taɓa samun bakin cewa a dawo da shi ba. Da hannunta ta ninke masa kaya ta jera a jaka.

Asibitin unguwa ranar rigakafi cike yake maƙil. Benci-benci na mata, kowace da kati a hannu da jariri a kafaɗa, fanka tana juyawa ba ta kawo iska. Yaya ta zauna a waje da jakar kayan a kan cinya, tana ba wata mai ciki shawarar da ba ta nema ba. Da layi ya zo kan Mai Yanka, ta shiga ɗakin awo ita kaɗai. Ma'aikaciyar jinyar da ke ciki babbar mace ce mai tabarau, kowa Sista yake ce mata. A ɗakin nan tsirara ake auna jarirai, saboda haka Sista ta tuɓe masa riga, ta zare safar hannun.

Faratan sun yi tsawo har sun fara lanƙwasa. Sista ta dube su, ta dubi karcen da ke fuskarsa, sannan ta dubi uwar ta saman tabarau. Mai Yanka ta kawar da ido. Shi ke nan, za a ce ita ta yi masa.

"Maman yaro, wace sana'a kike yi?"

"Yanka nake yi a shagon ɗinki."

Kowa da ya ji wannan dariya yake yi. Sista ba ta yi ba. Ta ɗora yaron a ma'auni, ta rubuta, ta naɗe shi a tawul ta riƙe shi a kafaɗarta, ta tura ƙofa da ƙafa ta rufe.

"Bari in gaya miki wani abu da mata ke gaya mini a ɗakin nan," in ji ta, muryarta ƙasa-ƙasa. "Bayan haihuwa, wasu ma tun da ciki, munanan hotuna sukan faɗo musu a zuci game da jariransu. Ba su suka kira su ba. Wata ta ga ta sake shi a matakalar bene, wata ta ga ruwan wanka ya rufe shi. Sai tsoro ya hana su sakewa, kunya ta hana su faɗa. Ke akwai abin da ke zuwa miki?"

Mai Yanka ta buɗe baki don ta ce babu. Abin da ya fito daban ne. Ta faɗi zaren, ta faɗi almakashin, ta faɗi bokitin fenti da hannun da take zama a kai. Tana magana idonta na kan ƙofa.

Sista ta saurara har ƙarshe, sannan ta yi tambayoyinta ɗaya bayan ɗaya, ba ta sassauta ko ɗaya ba. In hoton ya zo, sha'awar aikatawa take ji ko tsoro? Tana jin wata murya tana ba ta umarni? Ta taɓa ganin yaron ya zama wani abu daban a idonta? Ta taɓa tunanin cutar da kanta? Tana samun barci?

"Tsoro nake ji, Sista. Ba na jin murya. Ɗana ne, na san ɗana ne. Ni dai gara a yanke mini hannun."

Sista ta miƙe ta nufi ƙofa. Mai Yanka ta bi ta da ido. Yanzu za a kira masu gadi, yanzu za a kira mota, Yaya za ta ji, layinsu duka zai ji. Sai Sista ta juyo, ta sunkuya, ta ɗora mata yaron a hannu.

"Riƙe ɗanki, in duba ko likita ta gama da wadda ke wurinta."

Ta fita ta ja ƙofa.

Ɗakin ya yi tsit. Ita ce, da yaron, da wani faranti na ƙarfe a kan tebur, kusa da gwiwar hannunta. A cikin farantin akwai auduga, da filasta, da almakashin yanka bandeji. Ta gan shi. Hoton ya zo kamar dama jira yake. Ta so ta yi ihu a dawo, ta so ta dire yaron ta gudu, amma babu inda za ta ajiye shi, kuma hannu biyu take riƙe da shi, babu wanda za ta zauna a kai. Gumi ya jiƙa mata baya. Yaron ya zaro hannu daga tawul, ya lalubo babban yatsanta na hagu ya damƙe, faratansa suna shiga namanta. Haka Sista ta dawo ta same su. Matar ta ji komai, kuma ta bar mata shi.

Likitar matashiya ce, aikinta ke nan a asibitin, kula da abin da ke damun zukatan masu ciki da masu jego. Ta sake yin tambayoyin, ta ƙara da nata. Mai Yanka ta yi mata bayanin da ta tabbata zai canja komai.

"Likita, ni ba kamar sauran ba ce. Ni abin da na gani a zuci, hannuna yana yi. Da shi nake aiki."

Likitar ta tambaye ta, "In aka kawo miki yadi mai tsada, wanda babu irinsa a kasuwa, kin taɓa ganin kin lalata shi?"

"Kullum. Kafin in fara sai na ga hannun rigar ya gajarce, ko wuyan ya karkace."

"Sai ki yanka shi a karkace?"

"Allah ya kiyaye. Ban taɓa ba."

Ta ji abin da bakinta ya faɗa, ta yi tsuru-tsuru. Shekara da shekaru tana ganin layi biyu a kan kowane yadi, wanda take so da wanda take tsoro, amma na farkon kaɗai ta taɓa lissafawa.

Likitar ta ce ciwo ne sananne, na tsoro da fargaba, yana kama mata da yawa kuma yana jin magani. Ta ce wadda hoton ke firgitawa har ta ɓoye wuƙaƙe ba ita ce ake tsoro ba, sai dai ɓoyewar da gudun su ne ke ƙara wa abin ƙarfi. Za ta riƙa zuwa suna zama su yi magana, akwai magani da ba ya hana shayarwa in an buƙata, akwai kuma wasu iyaye mata da ke haɗuwa a ɗakin baya. Sannan ta nemi izninta a shigo da Yaya.

Yaya ta shigo da jakarta. Da ta ji bayani fuskarta ta canja, hannunta ya tafi wajen yaron tun kafin a gama.

"To ai shi ya sa zan tafi da shi."

"In kin tafi da shi, kin tabbatar mata da abin da take tsoro," in ji likitar. "In kina son taimakonta, ki riƙa zuwa da rana ki zauna da su, ta samu ta yi barci. Yaron yana wurin uwarsa."

Yaya ba ta saba a gyara mata shiri ba. Ta yi ƙwafa, ta ce su likitocin yanzu komai da sunansa. Amma da suka fito, gidan ƙanenta ta nufa da jakar. Sista ce ta yanke wa yaron farce a ranar, ta ce wa uwar, "Wata rana ke za ki yi. Ba yau ba."

Mijin da ya ji, bai ce uffan ba, abin da ba a taɓa gani ba. Ya hau saman bene ya daɗe. Da ya sauko da bokitin fentin idonsa ja wur. Ya ajiye shi a bayan ƙofa ya ce, "Ashe da ɓarawon nake kwana." Ya so ya yi dariya, muryar ta ƙi. Ya zauna kusa da ita ya riƙe hannunta na hagu, ya ƙi saki.

Sauƙin bai zo a tsaye ba. Likita ta ce a riƙa fito da kayan bokitin ɗaya-ɗaya. Wuƙar albasa ta fara dawowa kicin, kuma ranar farko Mai Yanka ta yanka albasa tana kuka, ta samu abin fakewa. Daga baya ƙaramin almakashin ya koma kan teburin falo, inda za ta riƙa ganinsa tana shayarwa, hannunta na hagu a kan bayan yaron. Wata rana hoton ya zo ya wuce kamar mota a titi. Wata rana ya zauna daram tun safe, ta rasa inda za ta sa kanta. A ɗakin baya na asibiti ta haɗu da wata malamar makaranta da ta daina hawa bene da ɗiyarta, da wata mai sayar da kayan miya da ke auna zafin ruwan wanka har ya huce. Ranar da ta ba su labarin albasa a turmi suka yi dariya har da hawaye, ita ma ta yi. Yaya kuwa tana zuwa kullum, tana kora ta ɗaki ta yi barci, amma idonta bai daina bin hannun nan ba. Faratan yaron Yaya ce ke yankewa, ba a ma tattauna ba.

Wani hantsi Yaya ta zauna a falo da yaron a cinya da abin yanke farce a hannu. Ta manto tabaraunta a gida, kuma ba ta cikin masu yarda cewa idonsu ya rage. Tana yi tana ba da labarin surukarta. Mai Yanka tana ninke kaya tana kallo, ranta yana sosuwa, don yadda Yaya ta riƙe yatsan ba daidai ba ne, ba ta janye naman baya ba. Sai yaron ya callara ƙara. Ɗigon jini ya fito a kan ɗan yatsansa, ƙarami kamar ƙwayar gero.

"Ai ɗan kaɗan ne," in ji Yaya, tana hura masa. "Motsi ya yi."

Abin da ya taso wa Mai Yanka ba tsoro ba ne. Haushi ne, irin wanda take ji in ta ga 'yar koyo ta ɗora almakashi a kan yadin mutane ba ta duba ba. Ta ajiye rigar da ke hannunta, ta ɗauki ƙaramin almakashinta daga kan tebur.

"Kawo shi, Yaya."

Yaya ta dubi almakashin, ta dubi fuskar matar ƙanenta. Hannunta ya ƙara matse yaron. Babu likita a ɗakin, babu Sista, mijin yana can yana raba burodi. Mai Yanka ta tsaya da hannu a miƙe, ta san in Yaya ta ce a'a ba za ta sake tambaya ba. Yaya ta ja dogon numfashi, ta miƙa shi.

Ta zauna inda haske ke shigowa, ta rarrashe shi har ya yi shiru, ta goge masa jinin. Ta kama yatsan da ke kusa, ta janye naman baya da babban yatsanta, ta buɗe almakashi. Hoton ya zo, fes kamar ranar farko. Ba ta kore shi ba, ba ta gudu ba. Ta bar shi nan, ta nemi ɗayan layin, ta same shi, ɗan siririn fari a bakin farcen. Almakashin ya yi ƙara kaɗan, farcen ya faɗo a kan zanenta. Yaron ya dube ta ya yi hamma. Ta kama na gaba.

"Ki dai bi a hankali, kin san na tsakiyan nan," Yaya ta fara.

"Yaya, a yi shiru," in ji Mai Yanka, ba ta ɗago ba. "Almakashi a buɗe yake."

Yaya, wadda ba a taɓa sa wa shiru ba tun da aka haife ta, ta kama bakinta. Ta zauna tana goge ido da gefen mayafi har aka gama hannu biyun.